Kafaɗun Da Suka Faɗi Jarrabawa

"Kai, me ke kuka haka? Ɗan tsako aka taka?"

"Wane ɗan tsako? Takalmi ne. Matsa ka ba ilimi hanya."

"Ilimin ne mai tumbin nan?"

"Rufa mana baki, baƙo. Ba tumbi ba ne, Turanci ne ya taru a wurin, ya rasa inda zai zuba."

"To me ya kai shi sa kwat cikin wannan rana?"

"Ka taɓa ganin an bar Turanci tsirara?"

Haka ake yi kowace safiya a bencin Mma Ashetu mai koko, a bakin tashar Salaga, in Tica Iliasu ya ratso. Kuma ya cancanci a yi. Garin nan ya ga manya. Ya ga fataken da ayarinsu ke shiga gari da hantsi wutsiyarsa ba ta iso ba sai la'asar. Ya ga malaman da suka sha karatu kamar ruwan tulu. Amma tun da aka haƙa rijiyar farko a Salaga, ƙasar nan ba ta ɗauki mutum irin Tica ba. Kamus mai ƙafa biyu. Landan ta kusa. Na Atikatu, mai amsa gaisuwa da hanci. Takalminsa ma ya san darajar wanda ke ciki, shi ya sa yake yi masa shela tun daga nesa, ƙiiƙ, ƙiiƙ, don kada wani ya ce bai shirya ba.

A Kumasi ya yi karatu. In ɗan hassada ya tambaye ku na shekara nawa, ku ce masa ilimi ba doya ba ne da za a auna shi da tsawo. Damina guda ce, ita ma ba ta kai kaka ba. Ya je taya kawunsa ɗaurin goro, sai ya faɗa wata makarantar manya ta yamma ranar da malamin ya buɗe babin da Turawa ke kira jaran da infinitif. Ya fito ranar da aka rufe babin, domin a ranar ce iska ta yaye kwanon ajin ta kai shi wata unguwa. Sauran ɗalibai suka ce asara. Tica ya ce ishara. Allah ne ya nuna masa karatu ya ƙare, abin da ya rage a littafin cikon takarda ne.

Da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Ghana, gari na ta kiɗa, Tica ya yi tagumi. Ya ce Turawa sun kwashe akwatunansu da karnukansu, amma Turancin ya fi ƙarfin jirgin ruwa, dole suka bar shi amana. A hannun wa? Ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga kowa ba. Sai ya dafa ƙirjinsa ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɗora wa nauyi bai nema ba.

Amanar kuwa bai ɓoye ta ba. Ko koko ya zo sha, sai ya fitar da zakka.

"Jama'a," in ji shi, yana kaɗa ludayi kamar alli, "kalmomin aiki a Turanci gida-gida ne, kamar zango. Akwai gidan su enjoy da finish da avoid. Waɗannan ba sa karɓar baƙo sai mai wutsiya, wutsiyar kuwa ita ce ing. Enjoy eating. Finish eating. Mai wutsiyar nan shi ne jaran. Akwai gidan su want da hope da refuse. Manyan mutane ne, ba a faɗa musu kai tsaye, sai da ɗan iso, sunansa to. Want to eat. Hope to eat. Wannan shi ne infinitif. Sai su like da begin, 'yan bariki, ƙofarsu ba ƙyaure, kowa ya zo nasu ne. Duk wanda ya kai mai wutsiya gidan want, ya ɗaura wa kura aure da akuya, kuma alhakin yana wuyansa."

"Tica," in ji Mma Ashetu, "wannan eating ɗin da ba ka rabuwa da shi, me ke nan?"

"Ci, Mma."

"Na dai ce."

To, a Zangon Tsamiya, unguwar su Tica, kowace sana'a da sarkinta. Akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Tasha, akwai Sarkin Aski, har masu wankau da nasu. Ranar Salla kowa ya fito da rawani kamar an kifa masa kabewa. Tica kuwa sai malfar Bature. Abin nan ya tsaya masa a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. A ce mai feɗe akuya yana da rawani, mai riƙe da harshen Ingila ba shi da shi?

Sai ya ƙulla goro ya nufi gidan Baba Mutala, sarkin zangon. A ƙofar zaure ya tuɓe takalmi, unguwa ta samu hutu.

"Ranka ya daɗe, I have decided to accept. A lura, to accept, domin decide ɗan gidan masu iso ne. Wato na yanke shawarar karɓar sarautar Sarkin Turanci."

"Wa ya ba ka?"

"Kai za ka ba ni, ranka ya daɗe. Na riga na karɓa ne don in rage maka wahala."

Baba Mutala tsoho ne da ya ga jiya ya ga yau. Ya mayar da goro daga wannan kumatu zuwa wancan.

"Iliasu, rawani yadi ne, ba shi da wuya. Amma a zangon nan aka binne cibiyarka, ka san al'adarmu. Wanda aka naɗa a kan buzuna, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa sai a zauren gidansa. Mutanensa ke ɗaukarsa a kafaɗa. Mahauta suka ɗauki Sarkin Fawa, direbobi suka ɗauki Sarkin Tasha. Ba haya, ba aro. Sai wanda ka kira naka, shi ma ya amsa. In ka sauka da ƙafarka, an fasa, kuma ba na naɗa mutum sau biyu. Kana da kafaɗu?"

Tica ya yi dariya har malfa ta karkace.

"Kafaɗu? Ranka ya daɗe, 'yan sanda kawai za ka tanada, masu raba rububi."

Aka sa Juma'ar da ke bin Babbar Salla.

Maganar gaskiya, kafaɗu yana da su, kuma na kirki. Ɗalibansa huɗu ne, masu zama a gindin tsamiya bayan la'asar. Karimu mahauci, wanda ke saɓa cinyar bijimi shi kaɗai yana hira, ya shiga aji don ya iya mayar wa duba-gari magana. Yusif tela ya shiga don ya gane abin da matan ma'aikata ke nufi in sun kawo yadi. Sidiku ɗan goro ya gaji da tafintan da ke cinsa a Kumasi. Fatawu direban lori kuwa so yake in ɗan sanda ya tare shi a shinge su yi ta ba mai shiga tsakani. Sun yi watanni suna zuwa. Har yau Karimu bai san sunan akuya da Turanci ba, amma ko daga barci ka tashe shi zai gaya maka avoid ba ya shiri da ɗan iso.

Da suka ji labarin naɗi, suka zo da murnarsu.

"Tica, ni ke da ƙafar dama," in ji Karimu.

"Ni hagu," in ji Fatawu. "Yusif da Sidiku su raba abin da ya rage, Allah ya ba su haƙuri."

Wani da sai ya ce na gode. Tica ba wani ba ne.

"Dakata, dakata. Kun san abin da za ku ɗauka kuwa? Kuna tsammani buhun gero ne? Abin da ke cikin jikin nan, daga wuya har idon sawu, nahawu ne zalla. Kafaɗar da ba ta bambance jaran da infinitif ba, in ta taɓa ni, ilimin zai iya tsinkewa kamar kunun da aka sa wa yatsa. Ba zan yi wasa da amanar mutane ba. Za a yi jarrabawa."

Aka yi. Karimu ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya cika ƙirji da iska.

"I enjoy to eat."

Tica ya dafe kai ya yi salati. Sai da Yusif ya yi masa fifita da malfa.

"Ka kai ɗan iso gidan da ba a iso! A gabana! A ƙarƙashin tsamiyar nan!"

"Amma Tica, ka gane ina jin daɗin cin abinci?"

"Duk wanda ya gan ka ya gane. Fita. Daga yau ba ni, ba kai."

Yusif ya zo da ladabi, yana son faranta wa malaminsa rai, ya ce, "I want sewing your gown," domin shi ke ɗinka babbar rigar naɗin. Tica ya rufe ido kamar an tsokane shi da allura. Aka kori Yusif. Yana cikin naɗe tabarmarsa Tica ya tuna wani abu, ya ɗaga yatsa.

"Daga ilimi aka kore ka, ba daga ɗinki ba. Aiki a wuya ya fito sosai."

Sidiku ɗan kasuwa ne, ya ga yadda ciniki ke tafiya, sai ya kama bakinsa. Aka tambaye shi, ya yi shiru. Aka sake, ya ƙara shiru. Tica ya karkata kai ya kasa kunne.

"Shirun nan naka ma na ji kuskure a ciki. Bi su."

Fatawu kaɗai aka ɗage wa jarrabawa, saboda adalci, da kuma cewa lorinsa ne ke tashi Yendi da Bawku a makon.

Washegari Mma Ashetu ta miƙa masa koko ba tare da ta dube shi ba.

"Tica, mutum huɗu gare ka, ka kori uku. A ina ka ga tukunya ta zauna a kan dutse ɗaya?"

"Mma, yawan gani ke kawo raini. Salaga ta saba da ni, kamar yadda mai rijiya a tsakar gida ba ya sanin ƙishirwa. Yendi da Bawku suna can harshe a waje. Zan je in zaɓo kafaɗu masu daraja, in kawo su nan ku ga yadda ake ɗaukar ilimi."

"Allah ya kiyaye hanya. Ƙosai nawa?"

Ya shiga gaban lori kusa da Fatawu, malfa a gwiwa, yana ɗaga wa itatuwa hannu.

A Yendi suka sauka gidan Malam Sualihu, dattijon malami wanda zaurensa ba ya rabuwa da fatake. Aka kawo ruwa, aka kawo tuwo da miyar kuka, aka fasa goro. Mutanen Yendi sun san haƙƙin baƙo, saboda haka da baƙon ya miƙe ya gyara kwat, kowa ya gyara zama. Ba su san sun shiga hannu ba. Ya fara bayan azahar. Ya bi gida-gida, ya gabatar da masu wutsiya, ya gabatar da masu iso. Da ya iso kan stop sai ya sassauta murya kamar mai tona asirin maƙwabci.

"Wannan munafuki ne, gida biyu yake ci. Stop eating, ka bar ci ke nan. Stop to eat, ka tsaya don ka ci. Ku yi hattara da shi. Na san shi tun a Kumasi."

Dattawa suna ta gyaɗa kai. Wasu don ladabi, wasu don barci ya fi ƙarfin wuya. Da ya tsaya shan iska, Malam Sualihu ya yi gyaran murya.

"Malam Tica, a gafarce ni, tambayar mai neman sani ce. Cikin biyun nan, jaran da ɗan'uwansa, wanne ne farilla, wanne ne nafila?"

"Duka farilla ne, Malam."

"Ikon Allah. To iyayenmu da suka riga mu ba su san su ba fa?"

Tica ya nuna alamar tausayi.

"Sai dai a yi ta yi musu addu'a."

Daga nan ya yi musu albishir. Duk mai ƙarfin kafaɗa a cikinsu ya zo Salaga ranar Juma'ar naɗi, ya zauna jarrabawa da safe, in ya ci a ba shi damar ɗaukar Sarkin Turanci. Kuɗin mota kowa ya ji da kansa, don ba a sayen lada da aljihun wani.

Zaure ya amsa baki ɗaya, "In sha Allahu."

Yanzu fa, in sha Allahu iri biyu ne, kowa ya sani. Akwai gajere, mai takalmi a ƙafa, wanda kafin ka juya mai shi ya iso. Akwai kuma dogo, wanda ake jan sa kamar igiyar guga a rijiyar rani, ana kallon azarar ɗaki. Na Yendi dogon ne, har da ɗan tari a ƙarshe. Tica ya fito yana murza hannu.

"Fatawu, Yendi ta faɗo."

"Haka ka ji, Tica?"

"Da kunnena."

A Bawku suka dace da ranar kasuwa. Kusasawa, Mosawa, Hausawa, shanu, jakuna, kowa da abin da ya kawo shi. Tica ya duba bai ga mumbari ba, sai ya hau tarin buhunan albasa, ya ɗaga sanda, ya kwarara murya.

"Jaran! Infinitif! Ku matso, yau Allah ya kawo muku!"

Nan da nan wuri ya cika, har ana ɗaga yara a wuya. Tica ya dubi taron, ƙwalla ta taru masa. Albasa ce, amma shi ya ce ƙauna ce. Abin da ya manta shi ne, a kasuwar Bawku mutum ba ya hawa tudu da kwat yana gumi yana kiran sunaye masu wuyar faɗa sai in magani ya kawo.

Wata tsohuwa ta kutsa gaba.

"Ɗana, na ciwon baya ne? Sha ake yi ko shafawa?"

"Ana haɗawa da kanwa?" in ji wani daga baya.

"Mai ciki za ta iya sha?"

"Jama'a!" Tica ya buga sanda, albasa ta yi tsalle. "Wannan maganin jahilci ne!"

Tsohuwa ta fara kwance bakin zane.

"Yawwa. Ƙulla mini kaɗan in kai wa mijina."

Da aka tabbata ba kwalba, ba ƙulli, ba ko ɗan gari a takarda, taro ya watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Mai albasa ya iso, ya roƙi ilimi da ya sauka masa daga kan kaya. Tica ya sauko, ya karkaɗe kwat, ya juya ya fuskanci kasuwa. A nan take ya kori Bawku gaba ɗaya daga makarantarsa, da mutanenta da jakunanta. Bawku ba ta ji ba, tana cinikin shanu.

A hanyar dawowa Tica ko darasi bai yi ba, abin da ba a saba ba. Fatawu mutum ne mai taushin zuciya. Ya saci kallonsa, ya ga tumbin ma ya yi laushi, sai ya ce bari ya faranta masa da harshen da yake so.

"Kada ka damu, Tica. Ko ni kaɗai ne, I promise carrying you."

Da Tica ya haɗiye wannan kamar yadda yake haɗiye ƙosai, da labarin ya ƙare a nan. Amma mai amana ba ya barci.

"Promise! Promise da wutsiya! Ɗan gidan masu iso ka jawo wa wutsiya, a kan titin gwamnati! Fatawu, ka faɗi. Ba ni, ba kai."

Fatawu ya ratse gefen titi. Ya taka birki a hankali, ya sauka, ya zagayo, ya buɗe ƙofa.

"Tica, gaban lori na direba ne da nasa. Tunda ba kai, ba ni, akwai wuri a baya."

Haka Landan ta kusa ta dawo Salaga, tsakanin buhunan albasa da kwandunan zabi. An ce bai ɓata tafiyar ba, ya yi wa zabin darasi har gida, kuma ya yaba musu, don tun da ya fara koyarwa bai taɓa samun ajin da ke amsawa haka ba.

Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci ƙofar gidan Baba Mutala ta cika. Masu kalangu sun ɗaure, sarakunan sana'a sun jeru da kabewinsu. A gida matarsa Atikatu da matan unguwa sun sauke tukwanen shinkafa, an share zaure an yayyafa ruwa. Tica ya iso cikin babbar rigar da Yusif ya ɗinka, kwat na leƙowa ta ƙarƙashi. Saboda jawabin da ke gabansa, ya tsaya wurin Mma Ashetu ya jiƙa maƙogwaro da lamurje mai sanyi, ƙwarya na bin ƙwarya, har ta ce masa, "Tica, rijiya za ka tafi da ita?"

Ya zauna a kan buzu. Ya nemi a naɗa rawanin a kan malfa, don a haɗa gabas da yamma. Aka ce a'a. Aka naɗa, aka yi addu'a, aka shafa. Mata suka rangaɗa guɗa. Sarkin Turancin Zangon Tsamiya ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Jama'a, ba zan yabi kaina ba. I refuse to boast. I avoid boasting. Kun gani, ko tawali'u ta hanya biyu na iya shi."

Ya yi ta yi. Ya gode wa Kumasi, ya gode wa iskar da ta yaye kwano, ya yi wa Bawku Allah ya shirya. Inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan. Da ya dire, Baba Mutala ya ɗaga murya.

"Mutanen Sarkin Turanci, bismilla."

Kalangu ya ɗauka da zafi. Jama'a suka dare, suka buɗe hanya.

Ba wanda ya shigo ta.

Kalangu ya ci gaba, ya rage, ya koma yi ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar hanya. Sarkin Turanci ya miƙa wuya ya dubi titin Yendi. Wata mata ce da itace a kai, sai kare na bin ta.

"Suna tafe," in ji shi. "Damina ce, kogi ya cika. Mutanen Yendi ba sa saɓa alkawari."

Can tsallaken fili, a gindin tsamiya, mutum huɗu na zaune a benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da tiren gyaɗa a tsakaninsu. Karimu, Yusif, Sidiku, Fatawu. Sun yi wanka, sun sa kayan Salla, sun zo kallo kamar kowa.

Sarki ya gan su. Ya gyara rawani, ya yi magana da iska, amma da ƙarfi.

"Albarkacin wannan rana, sarauta ta yi rangwame. Duk tsohon ɗalibin da ya faɗi abin da ke bin enjoy, an yafe masa, ya zo ya ɗauka."

Ƙas. Karimu ya fasa gyaɗa.

Aka jima.

"An ƙara sauƙi. Sarauta za ta faɗi amsa, ɗalibi ya maimaita kawai."

"Sidiku, ka ji ana magana?" in ji Yusif.

"Bar ni, tela. Ni ko shiru na yi faɗuwa nake."

"Ranka ya daɗe," Karimu ya ɗago murya cikin ladabi, yana shafa kafaɗarsa, "waɗannan jahilai ne. Kada su taɓa ka ilimi ya tsinke, mu shiga uku da Turawa."

Aka kira la'asar. Jama'a suka tafi masallaci suka bar sarki da buzu da wata akuya da ta zo duba ko jelar rawani na ciwuwa. Ya kore ta da Turanci, ba ta tafi ba. Aka dawo aka same shi yadda aka bar shi, sai dai zaman ya canza. Ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe ta, ya ɗora wannan kan waccan, ya matse. Lamurje baƙo ne mai ladabi wajen shiga, amma ba ya kwana, kuma in ya tashi tafiya ba ya jiran rakiya.

Atikatu ta iso da mayafi a kafaɗa, ta durƙusa gefen buzu, ta yi magana ta cikin haƙora.

"Malam, shinkafa ta huce. Mata sun fara ƙulla tasu a bakin zane. Sarki ne kai ko ba sarki ba, in san abin da zan gaya wa mutane."

"Ana kan shawara," in ji shi, gumi na bin gefen rawani.

Gabas ta yi baƙi. Iska ta taso mai ƙamshin ruwa. Masu kalangu suka cusa kayansu cikin riguna. Baba Mutala ya tofar da tuƙar goro, ya matso da sandarsa.

"Iliasu, ba korarka nake ba. Amma a kan buzun nan nake sallar magariba." Ya dubi hadari, ya dubi yadda sarki ya matse gwiwoyi. "Kuma a bushe nake son sa."

Ɗigo na farko ya faɗo a kan rawani, tas. Sarkin Turanci ya dubi ƙasa. Ga ta nan dab da yatsunsa, shimfiɗe har bayan gida, taku ɗaya kawai, rawani ya koma yadi. Ya dubi titin Yendi, ko karen ya tafi. Ya dubi tsamiya. Mutum huɗu sun miƙe, suna karkaɗe ɓawon gyaɗa, Fatawu na cewa gara a kama hanya kafin ruwa ya sauko.

Sarki ya buɗe baki. Turanci ya leƙo, ya ga yadda gari yake, ya koma ciki. Abin da ya fito wata siririyar murya ce da Zangon Tsamiya bai ji ba tun Iliasu na yawo ba wando.

"Karimu. Yaya Karimu. Yusif, ɗan'uwa rabin jiki. Sidiku, Fatawu, ku nawa ne, wallahi ku nawa ne, kowa ya shaida. Don girman Allah ku zo ku ɗauke ni. Ko a kafaɗa, ko a kai, ko kamar damin dawa, duk yadda ya samu. Sai dai ku yi sauri, kuma don darajar iyayenku kada wanda ya matsa mini ciki."